Marubuci da Mai Zane a Zauren Taro: Yadda Ake Sanin Juna a Duniyar Littattafan Yara

Tsakure

Wannan takarda ta dubi manyan tarukan da marubuta littattafan yara da masu zana hotunan cikinsu suke haɗuwa, musamman baje kolin Bolonya a Italiya, da babban taron IBBY, wato hukumar littattafan yara ta duniya, da tarukan ƙungiyar SCBWI a Amurka. Hujjar takardar ita ce littafin yara mai hotuna aikin mutum biyu ne, kuma an tsara waɗannan taruka ta yadda za a san na biyun, wato mai zane, da sunansa da irin hannunsa. Daga nan ta juyo gida, ta auna matsayin mai zane a adabin yara na Hausa.

Gabatarwa

A kowace shekara, wajen watan Maris ko Afrilu, birnin Bolonya yakan cika da baƙi na kwana huɗu. Tun 1964 ake yin baje kolin littattafan yara a can, kuma har yau babu kamarsa a wannan fanni. Abin da yake fara ba baƙo mamaki shi ne kasuwar littattafan yara ce amma ba yara ake yi wa ita ba. Taron masu sana'a ne: editoci, da wakilan marubuta, da masu fassara, da masu sayen haƙƙin bugawa, da masu zane ɗauke da manyan jakunkunan da suka zuba ayyukansu.

Kusa da mashiga akwai wani dogon bango da aka bar wa masu zane. Kowa yakan zo da kati ko ƴar takarda mai ɗauke da zanensa da adireshinsa, ya nemi gurbi ya manna. Kafin a kwana biyu bangon ya cika, wani a kan wani, har sai mutum ya yi ɗage ko ya durƙusa kafin ya samu wurin da ya rage. Editoci sukan bi bangon a hankali, su ɗauki hoton abin da ya kama musu ido, su zari kati su sa a aljihu. Matashin da ya taso daga Koriya ko Ajantina ba tare da ya san kowa ba, da wannan katin yake fara gabatar da kansa.

Dalilin da ya sa sai an haɗu

Wanda bai san yadda ake yin littafin yara mai hotuna ba zai ɗauka marubuci ne yake nemo mai zane, su zauna tare su shirya. A manyan kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka ba haka abin yake tafiya ba. Marubuci yakan miƙa rubutunsa, wanda sau da yawa bai kai kalma 1,000 ba, edita ya karɓa, sannan edita da shugaban sashen zane su zaɓi wanda zai zana. Yakan faru a gama littafi, a buga, ya shiga kasuwa, mutanen biyu da sunansu yake kan bango ba su taɓa gaisawa ba. Editoci suna da dalilinsu na raba su: suna so mai zane ya karanta labarin da idonsa, kada marubuci ya tsaya a kansa yana cewa rigar yarinyar ja ce, gidan kuma yana gefen dama.

Irin wannan littafi yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe manyan takardun bugawa takwas-takwas ko sha shida-sha shida. A cikin wannan ɗan fili mai zane ne yake yanke shawarar inda za a juya shafi, da abin da za a ɓoye wa yaro sai ya juya, da inda magana za ta yi shiru hoto ya ɗauki labarin.

Misalai biyu sun isa su nuna nauyin wannan aiki. A 1968 Pat Hutchins ta fitar da Rosie's Walk, labarin wata kaza da ta fita yawo a gona ta dawo gida lafiya. Rubutun jimla ɗaya ce mai kalmomi 32, kuma ko sau ɗaya bai ambaci dila ba. Amma a kowane shafi ga dila nan yana bin kazar a baya, yana kai hari yana faɗawa cikin wahala, ita ko ba ta ma san yana yi ba. Yaron da ake karanta wa shi yake ganin dilan, ya fi mai karatun sanin abin da ke faruwa, kuma daɗin littafin ke nan gaba ɗaya. Na biyu shi ne Where the Wild Things Are na Maurice Sendak, na 1963. Hotunan suna farawa ƙanana a tsakiyar farin shafi, suna girma yayin da fushin yaron da mafarkinsa suke girma, har a kai wasu shafuka shida a jere da babu kalma ko ɗaya. Su Hutchins da Sendak su suka rubuta, su suka zana. Inda aka raba aikin tsakanin mutum biyu, wannan rabin labarin yana hannun mai zane ne.

Haɗuwar ma takan zo ta hanyar da ba a shirya ba. Bill Martin Jr. ya ga wani tallan mujalla mai hoton jan ƙaguwar teku, ya nemi wanda ya zana, aka ce masa Eric Carle ne. Daga nan aka samu Brown Bear, Brown Bear, What Do You See? a 1967, shekara biyu kafin Carle ya yi littafinsa na tsutsa mai yunwa da duniya ta san shi da shi. Julia Donaldson ta Birtaniya da Axel Scheffler, haifaffen Hamburg, kamfanin ɗab'i ne ya fara haɗa su a 1993, a kan wata waƙa da ta rubuta wa talabijin. Da suka zo yin The Gruffalo a 1999, dodon da Scheffler ya fara zanawa ya cika ban tsoro, edita ta nemi ya sassauta. Dodon da yara suke runguma a yau sakamakon wannan kai-komo ne tsakanin mutum uku. Abin da taro yake yi shi ne ya mai da irin wannan dace ya zama tsari, ya tara masu neman juna a rufi ɗaya.

Abin da ke gudana a Bolonya

Tun 1967 baje kolin yake da nunin masu zane na musamman. Duk mai so, ko ya taɓa fitar da littafi ko bai taɓa ba, yakan aiko da zane biyar. Alƙalai daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ake sauyawa kowace shekara, sukan tace dubban da aka aiko su zaɓi ƴan gommai. Waɗanda aka zaɓa ana rataye aikinsu a tsakiyar filin, a buga shi cikin kundin shekara da editoci suke ajiyewa a ofis, sannan nunin ya yi tafiya zuwa wasu ƙasashe, musamman Japan, inda ya daɗe yana sauka a gidan adana zane na Itabashi da ke Tokyo. Shiga wannan kundi kaɗai yakan sauya rayuwar mai zane.

A rumfunan kamfanoni kuwa, lissafin lokaci ake yi. Masu sayar da haƙƙin fassara sukan cika littafin alƙawarinsu tun watanni kafin taron, rabin awa ga kowane baƙo. Wasu kamfanoni sukan ware awa ɗaya ko biyu don duba kundin masu zane, sai ka ga layi ya miƙe, kowa rungume da jakarsa. Mintuna kaɗan mutum yake samu. Edita ba tarihin rayuwarsa yake tambaya ba. Yana so ya ga ko mai zanen zai iya riƙe fuskar yaro ɗaya daga shafin farko zuwa na ƙarshe ba ta canza ba, ko yaron yana dariya ko yana kuka ko ya juya baya. Yana so ya ga ko ya san barin fili don rubutu, ko ya iya zana hannu da ƙafa, ko dabbobinsa suna da rai.

Akwai wani sirrin sana'a da ya sa hoto ya fi rubutu daraja a wannan kasuwa, kuma ya kamata masu buga littattafan Hausa su san shi. Buga littafi mai launi yana da tsada, kuma tsadar tana raguwa ne idan an buga da yawa. Don haka kamfanin da ya mallaki littafi yakan sayar wa kamfanonin wasu ƙasashe haƙƙinsa, a haɗa odar kowa a buga hotunan gaba ɗaya a maɗaba'a guda, farantin baƙin tawada mai ɗauke da rubutu kawai ake sauyawa daga harshe zuwa harshe. Ƙaramar ƙasa da ba za ta iya sayar da kwafi mai yawa ba sai ta samu littafi mai kyau a farashi mai sauƙi. Edita daga Norway ba ya jin harshen Koriya, amma yana ganin hoto, kuma da hoton yake fara yanke shawara.

A Bolonya ne kuma ake sanar da wasu daga cikin manyan kyaututtukan fannin. Gwamnatin Siwidin ta kafa kyautar tunawa da Astrid Lindgren a 2002, mai kuɗi kurona miliyan 5, kuma a 2015 wata cibiyar Afirka ta Kudu mai suna PRAESA, wadda take aikin ƙarfafa karatun yara da harsunansu na gida, ta ci ta. A 2013 baje kolin ya ƙirƙiro kyautar gwarzon kamfanin ɗab'i na kowace nahiya. Wanda ya fara ci daga Afirka shi ne Bakame na Ruwanda, kamfanin da Agnes Gyr-Ukunda ta kafa a 1995, shekara ɗaya bayan kisan kiyashi, don buga wa yara littattafai da Kinyarwanda. Wannan abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa: da harshen gida suka yi aikinsu, kuma bai hana duniya ganinsu ba.

Gadon Jella Lepman

Taron IBBY yana da wata manufa dabam da ta ciniki. Jella Lepman ƴar jarida ce Bayahudiya, haifaffiyar Stuttgart, wadda ta tsere wa mulkin Nazi zuwa Ingila, ta dawo Jamus bayan yaƙi a 1945. Ta tarar da yaran da aka ƙone musu littattafai aka cika musu kai da ƙiyayya. Sai ta rubuta wa ƙasashe tana roƙon littattafan yara, ta shirya nuninsu a Munik a 1946, ta kafa ɗakin karatun matasa na duniya a birnin a 1949, sannan a 1953 aka kafa IBBY a Zurik.

Hukumar ita take ba da kyautar Hans Christian Andersen duk bayan shekara biyu. Tarihin kyautar da kansa yana nuna yadda aka yi jinkirin gane mai zane. An fara ba marubuta a 1956, Eleanor Farjeon ce ta farko. Sai da aka shekara goma kafin a ware ta masu zane, Alois Carigiet na Suwizalan ya karɓa a 1966. Tun daga lokacin lambobin biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, a yau ana sanar da su a Bolonya, a miƙa su a babban taron IBBY da yake yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Sendak ya karɓa a 1970, Farshid Mesghali na Iran a 1974, Quentin Blake, wanda ya zana littattafan Roald Dahl, a 2002. A 2004 taron ya sauka a nahiyar Afirka karon farko, a birnin Cape Town.

Kafin a kai ga zaɓe, kowane reshen ƙasa yakan haɗa kundi a kan marubucinsa da mai zanensa: tarihinsu, jerin ayyukansu, sharhin masana, da samfurin littattafai. Ko mutum bai ci ba, kundin ya riga ya gabatar da shi ga alƙalai da masu fassara. Ƙasar da ba ta haɗa kundin kowa ba, babu hanyar da za a san nata.

Ta ɓangaren Amurka, Lin Oliver da Stephen Mooser sun kafa ƙungiyar marubuta littattafan yara a Los Angeles a 1971, daga baya aka ƙara masu zane a sunanta ta zama SCBWI. A tarukanta akan jera kundin masu zane a kan tebura, shugabannin sashen zane su zagaya su duba, marubuta kuma su biya kuɗi kaɗan edita ya karanta musu shafukan farko ya faɗa musu gaskiya. Koyon sana'a ne ya fi yawa a can.

Wa ya zana Bahaushe?

A 1976 wani kamfani a Amurka ya fitar da Ashanti to Zulu, rubutun Margaret Musgrove, zanen Leo da Diane Dillon, miji da mata. Littafin abacada ne, kowane harafi da al'ummar Afirka guda, kuma Hausawa ne suka riƙe harafin H. Ya ci lambar Caldecott ta 1977, shekara ta biyu a jere da su Dillon suka ci, kuma Leo shi ne baƙar fata na farko da ya samu wannan lamba. Sun yi bincike mai zurfi a kan tufafi da gine-gine da kayan aikin kowace al'umma, aikin kuma ya yi kyau ƙwarai. Duk da haka, yara masu yawa a Amurka sun fara ganin Bahaushe ne ta hannun masu zanen da suke zaune a New York, a shafi ɗaya tak cikin ashirin da shida. Babu laifin su Dillon a nan. Tambayar tana kan masu harshen: ina nasu zanen da za a ajiye kusa da wannan?

Afirka ba ta rasa gwanaye ba. Meshack Asare na Gana, wanda ya yi karatun zane a Kumasi, yana rubutawa yana zanawa. The Brassman's Secret ya ci masa kyautar Noma a 1982, Sosu's Call, labarin wani yaro da ba ya iya tafiya amma ya ceci ƙauyensu daga ambaliya, ya ci kyautar UNESCO a 1999, sannan a 2015 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar NSK Neustadt. A Nijeriya, Mabel Segun ta kafa ƙungiyar adabin yara a 1978, Ifeoma Onyefulu kuma ta ɗauki kyamara ta yi A is for Africa a 1993.

Zariya ce ta fi ba da abin tunani. A nan Hukumar Talifi ta Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A nan Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce don ƴan makaranta, a nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar adabi ta NORLA, aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. A wannan gari dai, a 1958, ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyarsu, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Okeke ya yi wa Things Fall Apart zane, Onobrakpeya ya zana An African Night's Entertainment na Cyprian Ekwensi a 1962, labarin da masu nazari suka daɗe suna kwatanta shi da Jiki Magayi. Maɗaba'ar Hausa da makarantar zane suna gari ɗaya, amma mafi shaharar aikin waɗannan ɗalibai a littattafai ya tafi ga na Turanci.

Duk wanda ya yi firamare a Arewa yana iya kawo sunan Imam, da Ahmadu Ingawa na Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Umaru Dembo na Tauraruwa Mai Wutsiya, da Ibrahim Yaro Yahaya na Tatsuniyoyi da Wasanni. A tambaye shi wa ya zana hotunan da ya daɗe yana kallo a cikin littattafan makaranta, da wuya ya amsa. Mai zane a wurinmu ya zama kamar magini: kowa yana yaba gidan, a kira shi da sunan mai gida, wanda ya ɗora tubalin kuwa an sallame shi tun ranar da ya sauko daga tsani. A kasuwar littattafan Kano akan biya mai zanen bango sau ɗaya, shi ke nan. A Amurka al'adar da aka saba a littafi mai hotuna ita ce a raba kason ciniki biyu daidai tsakanin marubuci da mai zane, sunayensu kuma su fito tare a bango.

Akwai iyaye da malamai da suke ɗari-ɗari da zanen abu mai rai saboda dalilin addini, kuma wannan magana ce da ya kamata a zauna da malamai a tattauna ta da mutunci a irin waɗannan taruka. Ƙasashen Musulmi da dama sun bi ta wannan hanya sun gina nasu adabin yara mai hotuna. Mesghali ya fito ne daga cibiyar Kanoon ta Tehran, Sharja kuma ta zama babbar baƙuwar Bolonya a 2022. Ga kuma taskar da take gabanmu: zayyanar allo, da adon bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, da aikin wuyan babbar riga, da sassaƙar ƙwarya. Mai zanen da ya tashi cikin waɗannan yana da abin da ba a saba gani a bangon Bolonya ba.

Haɗuwar da ba ta buƙatar biza

Tafiya Italiya tana da tsada, ga wahalar biza, don haka misalin da ya fi kusa da hannu yana Afirka ta Kudu. Tun 2014 ƙungiyar Book Dash take tara ƴan sa-kai a zaure ɗaya, ta raba su uku-uku: marubuci, mai zane, da mai tsara shafi, ga editoci suna zagayawa. Awa 12 ake ba su, daga safe zuwa dare, kowace ƙungiya ta fito da littafi cikakke. Ana sakin littattafan da lasisin da ya yarje wa kowa ya fassara, ya buga, ya raba kyauta. Shafin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta buɗe a shekarar, da StoryWeaver na kamfanin Pratham a Indiya, suna tafiya a kan irin wannan lasisi, kuma akwai labarai da Hausa a cikinsu. Sai dai da yawansu fassara ce, hotunan kuma na wasu wurare ne: yaron Gusau yana karanta Hausa amma gidan da yake gani da tufafin da abincin ba nasu ba ne.

Wuraren haɗuwa sun riga sun samu. Akwai tarukan ƙungiyar marubuta ta ANA da rassanta na jihohi, akwai bikin littattafai na Kaduna da aka fara a 2017, akwai bikin littattafai da fasahar Hausa da Open Arts take shiryawa. Masu zane ma suna nan: ɗaliban sashen zane na Zariya da Maiduguri, da masu zanen barkwanci na jaridu irin su Mustapha Bulama na Daily Trust, da matasan da suke zane a waya da kwamfuta suna sakawa a Instagram. Abin da wannan takarda take ba da shawara ƙarami ne a kuɗi. A ware bango ɗaya a kowane irin wannan biki don masu zane su manna aikinsu. A ajiye tebur inda mai buga littafi zai duba kundinsu. A sa sunan mai zane a jerin masu jawabi, a tambaye shi yadda yake aiki a gaban jama'a kamar yadda ake tambayar marubuci, a kuma rubuta kasonsa a yarjejeniya tun kafin ya ɗauki fensir.

Mai tsara shafi shi ma dole a gayyace shi, domin da yawa daga kyawawan nau'o'in haruffan da ake buga littattafan yara da su ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Idan ba a duba wannan tun farko ba, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani nau'in, ya fito a karkace a tsakiyar kalma, ko kuma a jefar da lanƙwasar gaba ɗaya, yaron da yake koyon karatu ya kasa bambanta ƙafa da kafa. Akwai nau'in haruffa mai suna Andika da cibiyar SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu, yana ɗauke da dukkan haruffan Hausa masu lanƙwasa, kuma kyauta ake sauke shi daga intanet.